Grema Mai Ampili a Ƙofar Kasuwa

Idan ka sauka Diffa ka tambayi gidan Grema, za a ce maka wanne, domin rabin mazan garin Grema ne, sauran rabin kuma ƴaƴan Grema. Amma ka ce Grema mai ampili, ko akuyar da ke kwance bakin tasha ta san kwanar. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, da kunnuwa irin waɗanda bai kamata a ba mutum ɗaya ba. Taubasansa sun rantse cewa ranar sunansa sai da wanzami ya sa aka riƙe su gefe kafin ya ga kan da zai aske. Aji huɗu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, aka koro shi, don ya kwance rediyon malaminsu yana neman mutumin da ke magana a ciki. Mutumin dai bai same shi ba, amma tun daga ranar kansa bai sake fita daga cikin rediyo ba.

Sana'arsa ƙara wa mutane murya. Biki, suna, wa'azi, taron manoman tattasai, duk inda maƙogwaro ya gaza sai a ce a kira Grema. Amma abin taƙamarsa ɗaya ne: shekara goma sha bakwai cur, shi ke ɗaukar muryar Mauludi a zawiyar Liman Abbakar. Ko goro ba ya karɓa a kan wannan aiki. Ya ce ranar ce ake sanin wane ne mai ampili a Diffa, sauran kwanakin shekara neman tuwo ne kawai.

Ampilin, shi ya haɗa abinsa da hannunsa, a cikin akwatin ƙarfe da maƙeri ya buga masa. Sunanta Dorina, don sai ƙarti huɗu ke ɗaga ta, na biyar yana binsu da addu'a. Dorina na da murya, wannan ba gardama. In aka buɗe ta a zawiya, masunta a bakin kogin Komadugu sukan amsa salati. Aibinta ɗaya ne, ƙugi. Wani gurnani ne can ƙasa, uuuu, da ke bin muryar mai karatu kamar kare ya ga mai nama. Mutanen gari ba su damu ba, sun ɗauka haka Allah ya yi ampili. Grema kuwa ƙugin nan shi ya hana shi ƙiba. Ya taɓa jifar Dorina da guduma saboda shi, gudumar ta dawo ta fasa masa goshi.

Sai yaƙi ya zo. Da safiyar nan ta farkon shekarar 2015 da yaran daji suka fara antayo wuta daga hayin kogi, kowa a layinsu ya shige ƙarƙashin gado. Grema kuwa ya fito tsakar gida da buta a hannu, ya karkata kai.

"Wannan na hayi ne," in ji shi. "Ji shi, duk ƙarar a sama take, ba gindi. Yawwa! Wannan namu ne. Hussaina, kin ji nauyi?"

Hussaina matarsa ba ta tsaya jin nauyi ba. Ta fito ta cafi wuyan rigarsa, ta ja shi ɗaki kamar buhun gero. Ba su kai ga rufe ƙofa ba wani abu ya sauka gidan maƙwabci, katangar da ke tsakani ta kwanta daidai inda yake tsaye, butar ta koma faifai. Da wuta ta lafa aka tono mutum uku daga ƙarƙashin ginin: tsohuwar gidan, da matar ɗanta, da jaririn da ke goye a bayanta. Grema na cikin masu tonon, da hannu, har faratansa biyu suka fita. Bai sake yabon ƙarar bindigar kowa ba. Washegari gari ya watse, mota bayan mota zuwa Maine da Damagaram, katifa a sama, akuya a kan katifa. Shi ya ƙi tafiya, don babu direban da ya yarda ya ɗauki Dorina ya bar mutum shida a ƙasa.

Daga nan Diffa ta zama wani gari. Aka hana hawa babur, aka hana fita bayan duhu, Mauludin da a da ake kwana ana yi ya koma daga hantsi zuwa la'asar. Kuma tun da wani ya shiga kasuwa da bam ɗaure a ciki, aka wuni ana tsintar naman mutane a kan rumfuna, sai aka kafa doka a ƙofar: duk namijin da zai shiga, ya tsaya taku goma daga nesa, ya yaye rigarsa har ƙirji, ya juya. Ƴan sintirin kasuwa, da gora da adda, su ƙare wa cikinsa kallo kafin su ce wuce. Alhazan da ko matansu ba su san cibiyarsu ba, a shekarar kowa ya san ta.

Ana cikin haka Kyari ya shigo gari. Dogo ne siriri, daga wani ƙauye a hayin Najeriya, shi ma mai kayan sauti. Ranar kasuwar garinsu yaran daji suka shigo musu, da hantsi. Aka jera maza a gindin masallaci, aka kwantar da yayansa a ƙofar shagonsu aka yanka, yana kallo ta ramin ƙyaure. Da suka matsa gidan gaba, ya ɗora ampilinsa a ka, ya fita ta baya, ya faɗa kogi. Ruwa har wuya, harsashi na tsalle a kansa kamar ana watsa tsakuwa. Matar da ke gefensa da ƙunshin kaya a ka ta ce wayyo sau ɗaya, ƙunshin ya ci gaba da tafiya ba ita. Kyari ya fito wannan gaɓar ba takalmi, ba hula, ba ɗan'uwa, amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ampilin ba. Ya yi wata bakwai ƙarƙashin tanti a sansanin ƴan gudun hijira na Gagamari kafin ya samu ɗaki a gari.

Ampilin nasa kuwa, kai jama'a! Tsoho ne ƙirar Japan, baƙi wuluk, da allurai biyu masu rawa a fuska, a gwanjon kayan wani otal ya saye shi a Maiduguri. Bai kai rabin Dorina ƙara ba. Amma in mai karatu ya yi shiru, shi ma sai ya yi shiru, tsit, har ka ji mutum na haɗiyar yawu.

A wani taron suna suka haɗu, shekara ta biyu da fara yaƙin. Dangin uba suka ɗauko Grema, dangin uwa, da yake ƴan gudun hijira ne, suka ɗauko nasu. Aka kafa manyan lasifikoki suna kallon juna kamar raguna. Kyari ya ƙara, Grema ya ƙara. Kyari ya sake ƙarawa, Grema ya murɗe Dorina har ƙarshe, ƙugin ya taso ya danne mai addu'a, kofunan shayi suka kama tafiya a kan faranti.

Kyari ya tako a hankali, ya rusuna kamar mai gaisuwa.

"Ya Grema, don Allah, saniyar da ke cikin akwatin nan, yaushe rabonta da dusa?"

Ƙarfen da ake kafa makirfo Grema ya zara ya shimfiɗa masa a kafaɗa. Kyari ya miƙe ya ba shi kai a baki, haƙorin gaba ya tafi neman wani gari. Suka kama kokawa, suka bi ta kan tukunyar miya, suka tsittsinke wayoyi. Sai da mutum tara suka raba su, in ka haɗa da wanda aka cije.

Liman Abbakar, da aka gayyato raɗa suna, yana zaune duk abin nan, da miyar kuka a gefen rawaninsa. Ya goge ta a hankali, ya kira su biyun.

"Tun da ƙarfi ya yi muku yawa, to ku ji. Mauludi saura wata ɗaya da kwana goma. Alhamis ɗin da ke gabaninsa, bayan azahar, kowa ya kawo akwatinsa zawiya. In karanta baiti a wannan, in karanta a wancan. Wanda muryata ta fi fita tas a cikinsa, shi ke da Mauludi."

"Allah gafarta Malam, shekara goma sha bakwai fa," in ji Grema, jini na bin gemunsa.

"Shekara goma sha bakwai ina jin gurnanin nan, Grema. Na zaci a kaina yake."

Daga ranar Grema ya daina zama mutum. Ya kulle kansa a shagonsa na cikin kasuwa, ya zazzage hanjin Dorina a kan tabarma. Ya san ciwon ba a murya yake ba, a abinci yake, wato wutar da ampilin ke sha. Wutar gari a lokacin kamar mai zazzaɓi take zuwa, yanzu ta haura, yanzu ta faɗi. Ya gwada batirin mota huɗu a jere, ƙugin ya tafi, amma Dorina ta shanye su kafin a kai rabin ƙasida. Ya gwada injin wuta, ƙugin ya dawo har da ƙanensa. Ya kwance taransifo, mai rage ƙarfin wutar gari kafin ta shiga Dorina, ya sake naɗa shi da jar waya, zare-zare, kwana tara, yana riƙe yawan zagayen da carbi. Da ya kunna, wutar ta ɗauke shi ta maka da bango, ya farfaɗo yana tambayar maƙwabtan shago ko sun ji bambanci. An ji kaɗan. Ƙugin ya ragu, amma yana nan a laɓe.

Saura abu ɗaya, kondansa. Wasu ƴan gwangwanaye ne da ke tare wutar su kwantar da ita kafin ta shiga ampili, yadda randa ke kwantar da ruwan kogi laka ta zauna ƙasa. Na cikin Dorina sun tsufa, kawunansu sun kumbura. Ya taɓa leƙa cikin ampilin Kyari ta ramukan shan iska, ya hango guda biyu manya, ya kwana uku tuwo ba ya wuce masa. Don haka ya sa wani ɗan kasuwa Badamagare ya sayo masa shida daga Kano, a biyo da su ta Damagaram, tun da hanyar Maiduguri ta mutu. Shida fa, kowace ta kai gwangwanin madara, shuɗaye, suna sheƙi. Saura kwana goma sha biyu a yi gwajin suka iso, kasuwa ta riga ta tashi, sai ya wuce da su gida. Ya jera su a kan wata ɗamarar fata, ya haɗa kawunansu da waya ja da baƙa, ya liƙe da dalma, ƙarfen liƙin a cikin garwashin shayin Hussaina.

To, ga inda Grema ya zama Grema. Tun zamanin da yake zuwa Maiduguri a babur sayo kaya, yana da al'ada: duk abin da yake tsoron ya jijjiga, a cikinsa yake ɗaure shi, ƙarƙashin riga. Ya ce jaka ba ta da tausayi, amma tumbi katifa ce da Allah ya yi. Ya kuma yi imani cewa kondansa ba ta son sanyi, in ta sha ɗumin jiki ta fi daɗin murya. Babu wanda ya koya masa wannan, kuma babu wanda ya isa ya cire masa shi a kai.

Da safe, ana sanyi, ya ɗaura ɗamarar, ya zura riga, ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci. Hussaina na wanke-wanke a bayan ɗaki, motsin fitarsa kawai ta ji.

"Malam, ka karya mana!"

"In na dawo."

Har yau tana cewa da ta ɗago kai ta gan shi, da ta zauna a kansa har la'asar.

Tafiyar ƙafa ce, tun da ba babur, kuma duk tsawon hanyar kansa na cikin Dorina: wace waya zai fara liƙawa, wace zai kai ƙasa. Ya iso ƙofar kasuwa, layi ya kawo kansa, ya tsaya a taku goma kamar kullum. Kusan shekara biyu yana yaye rigar nan kowace safiya, hannun ya saba, ba ya shawara da kai. Ya yaye.

Gwangwani shida a jere a cikin mutum, waya ja, waya baƙa, fuska a rufe.

"Bam! Ɗan bam ne!"

Layin ya tarwatse. Aka bi ta kan wata tsohuwa, kaskon mai ƙosai ya kife a ƙafar wani, buhunan tattasai suka fashe, jama'a na gudu suna atishawa. Grema, bawan Allah, sai ya waiwaya yana neman ɗan bam ɗin.

Shugaban ƴan sintirin, Laminu, tsohon ɗan haya da babur ne, wanda a buhu aka tattara masa ƙanensa bayan bam ɗin farko. Shi bai gudu ba. Ya zagayo ta gefe da gora yana ihu: "Hannu sama! Hannu sama na ce!"

A nan Grema ya gane shi ake nufi. Kowane mai hankali a Diffa ya san abin da ake yi a wannan lokaci. Shi kuwa da ya ga gora ta nufo shi, hannuwansa biyu ya kai ya rufe kondansa, kada a fasa masa.

"Tsaya, tsaya, ai kon..."

A idon Laminu, hannun da ya nufi ciki ma'anarsa ɗaya ce. Gorar ta sauka a kunnen hagu. Grema ya ce ya ji wata ƙara da babu ampilin da ya taɓa fitar da irinta, daga nan komai ya koma can nesa. Ya faɗi rigingine. Mutum biyu suka take wuyan hannayensa, suka baje shi kamar fatar rago. Da waɗanda suka gudu suka ga hannun ba zai kai ciki ba, sai suka dawo, kuma ba hannu sake suka dawo ba.

Dutse, itacen rumfa, ƙarfen sikeli, takalmi. Wani ya shure shi a muƙamuƙi har aka ji ƙas. Wata mata ta durƙusa tana kirɓa masa muciya a ƙirji, kowane bugu sai ta kira sunan ɗanta. Wani ya samu kunnen dama da ƙotar fartanya. Rawanin ya jiƙe ya manne a fuska, ja jawur, ba ka ce akwai ido ko hanci a ciki. Cikin kaɗai ne babu wanda ya taɓa. A duk jikin Grema, ranar, nan ne gidan aminci.

Sai ga wani da tsohuwar taya a kafaɗa da kwalbar fetur.

"A ƙona shi!"

"Kai mahaukaci ne? Ka sa wuta ya tashi da mu duka?"

"To a ja shi waje!"

"Wa zai ja? Kai ja mana!"

"A fasa kan kawai a huta!"

Gardamar nan ita ta sai wa Grema ɗan numfashi. Wani ƙato ya tafi ɗauko bulo.

Kyari na cikin waɗanda suka gudu, dalma ya zo saye. Da ya dawo ya leƙa ta kan kafaɗun mutane, abin da ya fara gani shi ne shuɗin nan mai sheƙi. Kuma shi da bakinsa ya faɗa, ba tausayi ne ya fara shiga ransa ba. Cewa ya yi a zuci: shida? Ina ɗan banzan nan ya samo shida? Sai kuma ya tuna cewa mutum ɗaya ne a duk Diffa zai nemi shida, kuma ya ɗaura su a tumbi.

Ya kutsa yana ture mutane da gwiwar hannu. "Ku tsaya! Grema ne! Grema mai ampili ne!"

"Ku ji harshensa, ɗan hayi ne! Tare suke!"

Bakin adda ya shafi girarsa, fatar ta sauko ta rufe ido ɗaya. Bai tsaya ba. Ya faɗa kan Grema daidai lokacin da ƙaton ya saki bulon, bulon ya sauka a kafaɗar Kyari maimakon kan da aka nufa. Da hannun da ya rage masa ya zaro ƴar wuƙar da yake feƙe waya da ita, ya yanke ɗamarar, ya miƙe ya ɗaga ta sama. Nan take aka ba shi fili, fili mai faɗi, har da waɗanda suka take hannayen.

"Laminu!" ya ce, jini na shiga masa baki. "Wa ya yi maka sauti ranar aurenka? Ba Dorina ba ce? To wannan hanjinta ne! Hanjin rediyo ne, jama'a!"

Laminu na bayan wani turken rumfa, gorar a hannunsa. "In hanjin rediyo ne, fasa mu gani."

Kyari ya shimfiɗa ɗamarar a ƙasa. Ya ɗauki bulon nan, ya yi bisimilla, ya ɗaga. Kasuwa duka ta kwanta rub da ciki, har da jakuna. Ya sauke.

Fus. Gwangwanin ya lotse, wata naɗaɗɗiyar takarda mai maiƙo ta ɓullo, da wari kamar kifin da ya kwana uku a rana.

Aka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya ke nan! Sauran fa?"

"Ai a na tsakiya suke ɓoye shi!"

Ya fasa ta biyu. Ya fasa ta uku. Ya ɗaga bulon kan ta huɗu, sai aka ji wata murya daga ƙasa, daga cikin jiƙaƙƙen rawanin, kamar ta fito daga rijiya.

"Kyari... bar mini biyu."

Kyari ya dubi mai maganar. Ya dubi mutumin da har yanzu bai ajiye taya ba, kwalbar kuma a buɗe. Ya fasa ta huɗu, ya fasa ta biyar, ya fasa ta shida.

Laminu ya tako, ya durƙusa, ya warware rawanin, ya zuba ruwa a fuskar. Da ya gane mai ita, sai ya yar da gorar ya zauna daɓas a cikin jinin, ya ɗora hannu biyu a ka. Kafin jandarmomi su iso su kwashi majinyatan zuwa asibiti, taron ya narke. Duk wanda ka tambaya, albasa ya zo saye, kuma yanzu ya iso.

Kwana takwas Grema ya yi a gadon asibiti. Haƙarƙari uku, muƙamuƙi a ɗaure, ɗinki a kai kamar buhun da ɓera ya ci. Waɗannan duk masu warkewa ne. Kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuma yana ji kamar mutum ya nutsa a kogi ana kiransa daga gaɓa. Bai gaya wa kowa ba, sai dai duk wanda ya zo dubiya ya fita da ciwon maƙogwaro. Liman ya aiko cewa a ɗaga gwajin. Grema ya sa aka maimaita masa saƙon sau uku, sannan ya ce ta tsakanin haƙora: "Alhamis Alhamis ce."

Grema ya mayar da tsofaffin kondansa masu kumburarren kai cikin Dorina. Ranar Alhamis ƙarti huɗu suka ɗauki Dorina, biyu suka riƙe mai ita. Kyari ya zo da bandeji a gira da hannu rataye a wuya. Zawiya ta cika maƙil, kuma rabin waɗanda suka yi jifan nan suna sahun gaba, da carbi, fuskokinsu kamar ba su taɓa kashe sauro ba.

Aka fara da na Kyari. Liman ya karanta baitinsa, murya ta fita garau, da ya yi shiru aka ji kukan kurciya a kan katanga. Sai aka juya ga Dorina. Grema ya kunna da kansa. Uuuu. Ƙugin ya taso kamar ya yi kewar jama'a, ya cika farfajiyar, Liman ya karanta baitin a kansa kamar mai magana a cikin motar itace.

Fuskar Grema kuwa ta washe. Ya karkata kunnen dama, ya lumshe ido, ya buɗe.

"Kun ji?" ya ce da ƙarfi, yadda kurame ke yi. "Tas! Ya tafi! Ashe taransifon ne, zama kawai yake so ya yi!"

Liman Abbakar ya dubi ɗinkin da ke kan Grema, ya dubi sahun gaba, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za ta kai.

"To, alhamdu lillahi. Grema, Mauludi naka ne, kamar kullum."

"Madalla! Madalla!" Zawiya ta ɗauka gaba ɗaya, Laminu ya fi kowa ƙarfin murya.

Grema ya bi su da kallo. Mutanen nan ya san su. Ko a kan ganin wata ba su taɓa haɗa baki ba, yau ga shi sun haɗa kafin Liman ya rufe nasa, kuma babu mai duban idonsa. Murmushin ya sauka a hankali. Ya yafito Kyari.

"Kai. Zo ta dama."

Kyari ya zagayo.

"Kai kaɗai ne a nan ba ka jin nauyina. Tsakaninka da Allah, yana nan?"

Kyari ya saci kallon Liman, Liman ya ɗan girgiza masa kai. Ya dubi Grema. Sannan ya kai bakinsa kunnen, ya faɗa da ƙarfin da har mata a bayan katanga sun ji.

"Yana nan, Ya Grema! Ya fi da!"

Grema ya juya ga Dorina. Ya miƙa hannu ya kashe ta, ya zare wayar daga bango da kansa, ya naɗe ta a gwiwar hannu, a hankali, saboda haƙarƙarin.

"Allah gafarta Malam, a ba shi. Muryar Mauludi ba kayan dubiya ba ce."

Tun daga shekarar nan Kyari ke da Mauludi. Grema na nan a shagonsa, yana gyaran rediyo da ido da yatsa, kuma har yanzu hannunsa ya fi na kowa a garin. Ba su zama aminai ba, kada wani ya yi maka ƙarya. Duk inda suka haɗu, ko a jana'iza ne, sai Grema ya riƙo hannun rigarsa.

"Amma Kyari, sai da ka fasa shidan?"

"Da taya a hannunsu?"

"Me?"

"Na ce da taya a hannunsu!"

"Uku sun isa!"

Bana dai, bayan an sa baki, Grema ya yarda da huɗu. Ta biyar da ta shida kuwa, ya ce ko a gaban alƙali zai maimaita, hassada ce tsagwaronta.